Tsohon ubangidana ya zo neman kaya, na bar shi a kan benci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Kwana uku ke nan abin nan ya hana ni barci.

Shekara tara na yi ina yaron shago a Kantin Kwari. Alhajin da na zauna a ƙarƙashinsa shi ya koya min sanin shadda da hannu, shi ya sallame ni da jari, har sadakina shi ya cika min. Amma mafaɗaci ne, ya sha tsinka ni a gaban masu sayayya. Ambaliyar 2022 ta ci masa kaya, tashin dala a 2023 ya ƙarasa shi. Ni kuwa Allah Ya buɗa min, shago biyu gare ni yanzu.

Ranar Litinin ya zo yana so in ba shi atamfa dila ɗaya, in ya sayar ya kawo kuɗi. Na sa yarona ya ba shi benci, na shiga waya kusan awa guda, wayar da ba ta da wani amfani. Da na juyo ban rusuna masa kamar da ba, hannu kawai na miƙa. Na ce ya dawo wani satin. Ya ce Allah Ya yi albarka, ya tafi. Abin da ya fi tsorata ni, lokacin da yake zaune daɗi nake ji a raina. Ina salla, ina fidda zakka. Shin girman kai ne wannan? Yaya zan gyara?

Wani malami: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, girman kai ne, ba sai an ɓoye maka ba. A hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce mai kwatankwacin ƙwayar zarra na girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Wani ya tambaya, to mai son tufa mai kyau da takalmi mai kyau fa? Ya ce Allah Mai kyau ne, Yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ka ga ke nan shagunanka ba laifi ba ne. Bencin nan ne laifin. Ka kuma binciki zuciyarka, ko ta fara raya maka cewa wayonka ne ya ba ka. Maganar Ƙaruna ke nan a Suratul Ƙasas, aya ta 78. Rashin barcin naka alheri ne, nadama ce, kada ka bari ta huce.

Wani ɗan kasuwa: Ni ma an yi min irin faɗan nan ina yaro, na san zafinsa. Ramuwa ka yi, ka faɗa wa kanka gaskiya. Amma ka raba abu biyu. Ba shi kaya lissafi ne, in dila za ta girgiza maka jari ka ba shi turmi ashirin ko talatin, ka faɗa masa iyakar ƙarfinka. Girmama shi kuwa ba ya cin ko sisi. Sannan yaronka da ya ɗauko bencin yana kallo, karatu yake ɗauka.

Wata uwa: Ɗana, kada ka jira wani satin, kuma kada ka kira shi a waya. Gidansa za ka taka da ƙafarka. Ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa yadda ka saba, ka ce Baba na yi kuskure a yafe min. Kada ka tayar da zancen faɗan da. Ka san irin nauyin da dattijo ya haɗiye kafin ya tsaya a ƙofar yaron da ya yi wa tarbiyya? Wallahi da na karanta sai da na yi ƙwalla.

Wata 'yar uwa: In za ka kai kayan, ka kai da dare, ba a idon 'yan kasuwa ba. Kada gyaran ma ya koma nuna isa.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Mama, maganarki ta shige ni. Na tambayi ɗansa, ya ce Alhaji yana gida bayan isha'i. Yau zan je in sha Allahu. Kayan na ware su, amma sai gobe zan aika, ba na so ya ga kamar da su na zo sayen yafiya. Ku sa ni a addu'a.