Ta ina za a fara sauraron mabusa ƙahon jaz?

Mun yi doguwar hira da wasu dattawa masoya kiɗan jaz na Amurka, na tambaye su ta ina sabon shiga zai fara. Kusan baki ɗaya suka ce Louis Armstrong, kuma da "West End Blues" na 1928. Shawararsu ita ce a maimaita farkonsa sau uku ko huɗu, inda yake busa shi kaɗai babu ganga babu piyano, kafin a wuce gaba. Na gwada, sai da tsikar jikina ta tashi.

Daga nan ra'ayi ya rabu. Masu son sauri da zafin busa suka ce Dizzy Gillespie, mai lanƙwasasshen ƙaho da kumatu kamar za su fashe. Wasu suka ce a'a, a nemi faifan Kind of Blue na Miles Davis, na 1959, a saurare shi da dare gida ya yi tsit. A kiɗan "Blue in Green" da ke cikin faifan ya toshe bakin ƙahon, sautin ya fito siriri kamar mai raɗa. Wani dattijo ya ce a kasa kunne ga wuraren da Miles ya yi shiru, can gwanintar take.

Wanda aka fi jimami shi ne Clifford Brown, da ya rasu a haɗarin mota a 1956 yana ɗan shekara 25. Suka ce duk abin da ya ɗauka a faifai tare da makaɗin ganga Max Roach a neme shi, musamman "Joy Spring".