Enter ko Shift+Enter? Zabura 119 ta ƙi zama a shafi

Mai tambaya: Salama a gare ku 'yan'uwa. An ɗora mini aikin buga ɗan littafin nazarin ƙungiyarmu, a ciki akwai Zabura 119 gaba ɗayanta da surar farko ta Afisawa. Da Word nake aiki. Na kwafo nassin daga intanet na manna, abin ya dagule: wasu layuka sun manne da juna, wasu da wawakeken fili a tsakaninsu. Da na sa rubutun ya cika shafi gefe da gefe, layin da kalma huɗu ce kacal sai ya miƙe, kowace kalma ta yi nesa da 'yar'uwarta. Wani ya ce in bar Enter in koma Shift+Enter. Kafin in bi aya 176 ɗaya bayan ɗaya, wanne ne daidai?

Amsa ta farko: 'Yar'uwa, fara danna Ctrl+Shift+8, alamomin da ke ɓoye za su bayyana. Inda kika ga ¶, Enter ce, sakin layi ya ƙare ke nan. Inda kika ga 'yar lanƙwasasshiyar kibiya, Shift+Enter ce, an sauko sabon layi amma ana cikin sakin layi ɗaya. Filin da ya dame ki bayan ¶ yake zuwa. Miƙewar kuwa aikin kibiya ce, don Word ba ya ja layin ƙarshe na sakin layi, amma layin da aka karya da kibiya yakan ja shi har gefe. Ni dai kibiya nake sawa cikin baiti, Enter bayan kowace aya takwas, tunda baiti 22 ne. Ki jingina rubutun hagu, waƙa ba ta son a ja ta.

Amsa ta biyu: Ɗana, rabin maganarka na karɓa. Na daɗe ina tsara nassi don bugawa, kibiyar nan ta sha ba ni wahala. Zabura tana tafiya ne layi biyu-biyu, na biyun yana amsa na farko, shi ya sa ake ɗan tura shi ciki. 'Yata, da kibiya ba za ki iya ba kowane layi nasa turin ba, domin baitin duka sakin layi ɗaya ne. Sai ki koma cusa fili da hannu, ranar da aka canza girman harafi ko faɗin takarda komai ya watse. Idan kuma layi ya yi tsawo ya zubo ƙasa, mai karatu ba zai gane ragowar na sama ba ne ko sabo ne.

Ki yi salo biyu (abin da Word ke kira Style, wato tsarin da ake ajiyewa a ɗora wa sakin layi), ɗaya na layin farko, ɗaya na mai amsawa, ki mai da filin bayan sakin layi sifili a dukansu, kowane layi ya ƙare da Enter. Masu fassara a Paratext, manhajar fassarar Littafi Mai Tsarki, haka suke yi da alamominsu, \q1 da \q2 na waƙa, \p na zube, \b na fili tsakanin baitoci. Kibiyoyin da kika kwaso kuwa, danna Ctrl+H, ki sa ^l (kibiya) a sama, ^p (Enter) a ƙasa, ki musanya duka. Amma ki ajiye kwafi tukuna.

Mai tambaya: Na gode Baba. To Afisawa fa? Na so kowace aya ta hau layinta don a yi saurin samu.

Amsa ta uku: Yaya, nan ki yi hattara. Lambar aya ba ita ce iyakar magana ba, daga baya aka sa ta. Robert Estienne, wani mai buga littattafai, shi ne ya raba Sabon Alkawari aya-aya a bugunsa na 1551. Afisawa 1:3-14 a Helenanci jimla ɗaya ce doguwa, in kika yanka ta gida 12 masu nazari za su riƙa tsayawa inda Bulus bai tsaya ba. Fassarar King James ta 1611 ta ba kowace aya layinta, dole ta riƙa sa ¶ don nuna inda sabon zance ya fara, alamar ma ba ta sake fitowa bayan Ayyukan Manzanni 20:36. Ki buɗe bugun fassarar da kike kwafa, inda suka saki layi ki saki, lambobin ki ɗaga su sama ƙanana. In don saurin samu ne, ki kaurara su.

Mai amsa ta farko: Baba ya fi ni gaskiya in bugawa za a yi. Tawa ta takardar Lahadi ce mai shafi ɗaya. Mai aiki da manhajar LibreOffice maimakon Word kuma ya sani ^l ba ya aiki a can, Ctrl+F10 ne ma yake nuna alamomin.

Mai tambaya: Na musanya, layukan sun zauna. Saura taken da ke kan baiti na tara da ya maƙale shi kaɗai a gindin shafi, ayoyinsa suna shafi na gaba.

Mai amsa ta biyu: Kada ki tura shi da Enter, 'yata. Shiga saitin sakin layi na salon taken baitin, ki zaɓi ya riƙe na bayansa. Sau ɗaya za ki yi, duka 22 za su bi.