Masu son tseren mota da babur, ta ina kuka fara?

Ɗan Rumde (Garwa): Salamu alaikum jama'a. Shekarata 19, ina klando, wato acaɓa, da yamma in an tashi makaranta. Tun ina ƙarami nake kallon Formula 1 a gidan kallo ranar da ba ƙwallo, wlh ba abin da nake so irin in zama direban tsere. A unguwarmu in na murɗa totur ba mai kamo ni, amma ni kaina na san wannan ba shi ne tsere ba. Duk wanda ya taɓa gwadawa ko da a rairayi ne dan Allah ya faɗa mana yadda ya yi, da inda ya sha ƙasa.

Bakaniken Domayo (Marwa): Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba, gudu a cikin gari ba iyawa ba ne, rashin tsoro ne kawai, kuma kowane ɗan shekara 19 yana da shi. Ni ma haka nake ji da kaina har ranar da muka shiga Mayo Kaliyawo da rani, ruwa ya ƙafe sai yashi, muka jera tsofaffin tayoyi muka yi da'ira, wani yaro ya riƙe waya yana duba mana lokaci. Akwai wani dattijo abokin maigidana, mai sanyin tuƙi, in ka gan shi sai ka ce kasuwa za shi. Ni ina ta ƙugi ina tada ƙura, shi ko a natse, da aka duba waya ya ba ni sakan huɗu a kowane zagaye. Na ce ƙarya ne a sake. Aka sake, haka dai.

Shi ya zaunar da ni ya ce matsalata kwana ce. Ina shigowa da wuta sai na tsinci kaina a tsakiyar kwana sannan in taka birki, baya ya watsar, in ɓata lokaci ina gyara tsayuwa. Ya ce ka gama birkinka tun babur yana miƙe, ka shiga daga gefen waje, ka yanko ta ciki, ka fita ta waje kana ƙara wuta, idonka kuma ya riga ka zuwa inda za ka fita, kar ka kalli tayar gaba. A yashi kuma ka rage iskar taya kaɗan, ka miƙe tsaye kan matakai ka mai da nauyinka baya, kar ka saki totur gaba ɗaya don da ka saki gaba zai nutse. Wata uku ina wannan kafin na kamo shi, kuma ranar da na kamo shin ji na yi kamar a hankali nake tafiya.

Kawu na Njamena: Yaro ka tuna min da nisa. Gasar Dakar, tseren mota da babur mai ratsa hamada, ta 1992, wadda aka kai har Afirka ta Kudu, ta nan Njamena ta bi, daga nan Sarh, ta shiga Afirka ta Tsakiya ta ɓullo Yawunde. Hubert Auriol ya ci ta mota da Pajero, Peterhansel ya ci ta babur da Yamaha. Muna samari muka je kallo, kowa idonsa kan direbobi, ni ko abin da ya tsaya min a rai makanikai ne, direba ya je ya kwanta su kuma su kwana ƙarƙashin mota da fitila suna warware ta suna mayarwa kafin asuba. Daga nan na shiga gareji, yau shekara talatin da wani abu ina cin abinci da sifana. Tsere kam ban taɓa yi ba, ban kuma yi nadama ba. Yanzu ma gasar ta bar mu, an soke ta 2008, ta koma Kudancin Amurka, tun 2020 tana Saudiyya.

Ɗan Rumde: Kawu na gode, amma ni fa sitiyarin nake so ba sifana ba 😅

Ɗalibi a Faransa: Hhh kowa sitiyari yake so. Ni na hau kart sau da yawa a nan, ƙaramar motar nan mai kama da gado da taya huɗu, ana biya a yi minti goma. Ranar farko wani yaro da bai fi shekara 12 ba ya zagaye ni, na fito wuyana da hannuwana suna ciwo kamar na yi dako. Ba a faɗa maka wannan a talabijin, tsere aikin ƙarfi ne, sai da motsa jiki.

Maganar Formula 1 kuma gara ka ji gaskiya. Kusan duk wanda ke ciki da kart ya fara tun yana yaro. Hamilton yana shekara 8 ya fara, babansa yana haɗa ayyuka don ya biya masa, ƙungiyar tsere ta McLaren ta ɗauke shi yana 13 a 1998, bai shiga Formula 1 ba sai 2007. Kuma rabon Afirka da ganin wannan tsere tun 1993 a Kyalami da ke Afirka ta Kudu. To kai da 19 a Garwa wannan ƙofar ta yi maka nisa, ba zagi ba. Amma rali, tseren da ake yi a kan hanyoyi da agogo, daban ne, ana shiga da girma, kuma ana yin sa a hanyar ƙasa irin tamu. Akwai gasar Afirka, akwai Bandama a Kwaddibuwa, Safari ta Kenya ta dawo gasar duniya a 2021. Ka duba Ross Branch ɗan Botswana, da babur ya zo na biyu a Dakar 2024. Sai dai ba a shiga gasa da permi, wato lasisin tuƙi na titi, kawai, sai da lasisin tsere daga hukumar wasan ta ƙasarku da takardar likita. Hanya mafi araha ita ce kujerar gefe, mai karanta wa direba hanya, ko ka shiga cikin masu gyara har a san fuskarka.

Yaya Hajjo (Kusiri): Ni ba direba ba ce amma ina da abin faɗa. Ƙanena haka ya dinga yi da abokansa a kan kwalta da daddare, ba hular kwano, silifas a ƙafa, har akuya ta gitta masa. Wata biyar yana kwance da ƙarfe a cinya, kuɗin da Inna ta tara na Makka a nan suka tafi. Ban ce ka bari ba, amma ka sayi hula ta gaske da takalmi mai rufe idon sawu kafin ka sayi wani salansa mai ƙara, kuma ka bar titin mutane. Mahaifiyarka ta ma san da maganar nan?

Ɗan Rumde: Yaya ba ta sani ba tukuna 🙈 Allah ya ƙara masa lafiya.

Mai PlayStation (Ngaundere): Kar ku yi dariya, ni a shagon gem na koyi layin kwana. Kuma ba wasa ba ne, Jann Mardenborough ɗan Birtaniya gasar gem ɗin tsere na Gran Turismo ya ci a 2011 Nissan ta sa shi a motar gaske har ya yi Le Mans, tseren awa 24 na Faransa. Abin da gem ba ya koya maka shi ne tsoro, ranar da na gwada a motar yayana a wani fili bayan gari ƙafata rawa ta dinga yi a kan birki.

Bakaniken Domayo: Ƙanena maganar masu ɗaukar nauyi ma kar ka yaudari kanka. Na taɓa zuwa wurin wani mai shagon kayan babur na ce ya taimaka min da taya in manna sunan shagonsa, ya ce me ka taɓa ci? Ba ni da amsa, na fito. Da na koma da littafin da nake rubuta lokutana da bidiyon da yara suka ɗauka, mutane cike a bakin mayo suna kallo, taya biyu ya ba ni da galan na baƙin mai. In kana zuwa Marwa bayan damina ka yi min magana, ka zo da hularka, agogo muna da shi.

Ɗan Rumde: In sha Allah ina tafe. Hular dai sai na tara, ta wajena ta tsage tun bara.