Neman shawara: tun da aka sa mini antibairos kwamfutata ta koma tafiyar hawainiya

Malama, Fadaman Mada:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah masu ilimin kwamfuta a taimaka mini. Laftof gare ni ta hannu, bara na saye ta don harhaɗa sakamakon jarrabawar ɗalibaina, yanzu kuma ƙanena da ke karatu a Gwallameji yana rubuta furojet ɗinsa a kanta. Windows 10 ce a kai, RAM ɗinta 4GB. Da lafiyarta ƙalau. Kwanaki ya kai filashi shagon buga takardu, da ya dawo ya soka, sai duk fayilolin cikin filashin suka koma shotkot, wato alamomi masu 'yar kibiya a madadin ainihin fayilolin. Hankalina ya tashi, na kai ta wajen wani mai gyara, ya ɗora mini antibairos har biyu, wai ɗaya na intanet ɗaya na filashi. Ashe akwai na uku da ta zo da shi, wanda kullum yake fitowa yana cewa wa'adinsa ya ƙare, in biya kuɗi.

Tun ranar ban sake jin daɗinta ba. In na kunna ta sai in ɗora tukunya, in yanka albasa, in dawo ba ta gama buɗewa ba. In na danna Word sai ta daskare. Fankarta sai huci take kamar injin markaɗe, batir ba ya kai awa guda, data kuma ban san inda take zurarewa ba. Na koma wajen mai gyaran, ya ce sai dai a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake ɗora Windows. Babi uku na furojet ɗin yaron nan suna ciki. In yarda? Ko in cire su duka? Tsorona kar in cire kuma bairos ya dawo.

Ɗan Yelwa:
Wa alaikumus salam. Anti, kafin komai, yau ɗin nan a kwafe furojet ɗin. Ya tura wa kansa ta imel ko ya ajiye a Google Drive. Sauran magana ta biyo baya.

Injiniya, Wunti:
Malama, sannu da haƙuri. Garin neman ƙiba aka samo miki rama. Ba fomatin take buƙata ba tukuna, bari in yi miki bayani dalla-dalla.

Aikin antibairos shi ne duk fayil ɗin da za a buɗe, ko a kwafa, ko a sauke, sai ya tare shi ya laluba kafin ya sake shi. Ki ɗauka kin taso daga Bauchi za ki Jos, aka kafa shinge uku a jere, kowanne sai an sauke kaya an zazzage jaka. Abin ma ya fi haka muni, domin in na farko ya buɗe fayil zai duba, na biyu yana ganin an taɓa fayil sai shi ma ya taso, wani lokacin har ya zargi ɗan uwansa, saboda irin wuraren da antibairos ke shiga a cikin Windows su ne bairos ma ke nema. Su uku suna wannan kokawa a cikin 4GB, ita kanta Windows ta riga ta cinye kaso mai tsoka, me ya rage wa Word?

Sannan ina kyautata zaton had dis ɗinki tsohon yayi ne, mai faifai yana juyawa. Yawancin na laftof sau 5400 suke juyawa a minti, da wata 'yar allura mai kai da komo tana neman fayil. Ƙananan fayiloli dubbai da antibairos ke bi ɗaya bayan ɗaya su ne abin da ya fi wahalar da irinsa. Ki gwada da kanki: danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito. Duba layin Disk da na Memory, ki danna kan kowanne, mai cin kaso mafi yawa zai hau sama. Ki faɗa mana abin da kika gani.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Windows 10 da maigadinta take zuwa, Microsoft Defender, kyauta, tun daga Windows 8 aka mai da shi cikakken antibairos. Da an ɗora wani sai ya ja gefe ya ba shi wuri, da an cire kuma sai ya koma bakin aiki da kansa. Ga kwamfutar gida mai 4GB, ni shi kaɗai nake bari.

Baban Gida, Jahun:
Injiniya ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Kai kana maganar Turai ne, mu nan filashi ke kashe mu. Filashi ɗaya zai zaga shago biyar a wuni. Shi ya sa kowa ke sa Smadav, ƙaramin antibairos ɗin nan na filashi, kuma masu shi can Indonesiya sun ce an yi shi ne don ya zauna tare da wani, ba don ya maye gurbinsa ba. Ka ce ta cire komai, gobe yaron ya koma buga babi na huɗu fa?

Injiniya, Wunti:
Baba, maganarka tana kan hanya, shi wannan ƙarami ne kuma na biyu aka yi shi. Ba da irinsa nake faɗa ba, manya biyu masu gadin dare da rana nake nufi. Amma ko shi, a fara cire komai a ga yadda kwamfutar ke numfashi, in ana so daga baya a mayar da shi shi kaɗai.

Kuma shi bairos ɗin shotkot a san halinsa. Ba ya cinye fayil, ɓoye su yake yi, ya ajiye shotkot mai suna iri ɗaya. Kana dannawa ka tashe shi da hannunka. Windows ta daina barin filashi ya kunna abu da kansa tun zamanin Windows 7, saboda haka dannawar nan ita ce ƙofar. In an soka filashi aka ga alamar 'yar kibiya a jikin folda, kar a taɓa. A danna filashin da maɓallin dama a sa Defender ya bincika shi. In ya gama, a buɗe Command Prompt a rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

A canza E da harafin da filashin ya ɗauka. Fayilolin za su bayyana, a kwashe su, a goge shotkot ɗin.

Maman Biyu, Tirwun:
Ni dabarata ta fi sauƙi. Na daina kai filashi shago kwata-kwata. In mayar da takarda PDF, in tura wa mai shagon ta WhatsApp, in je in karɓa. Ga shi rubutun ma ba ya wargajewa a kwamfutarsu.

Malama, ki kuma lura da wani abu. Wasu saƙonnin da ke faɗowa ta gefen dama suna ihun an kama bairos biyar, ba daga antibairos suke ba, shafukan da aka taɓa shiga aka danna Allow ne ke turo su ta Chrome. Ɗana ne ya jawo mana garin neman fim. Ki shiga Settings na Chrome, wajen Notifications, duk shafin da ba ki sani ba ki toshe shi.

Malama, Fadaman Mada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. An tura furojet ta imel. Injiniya na duba, Disk 100% yake nunawa bai motsi, Memory 90 da wani abu, kuma biyun da ke sama duk antibairos ne. To ta ina zan fara cirewa?

Injiniya, Wunti:
Madalla. Ki haɗa ta da caja lokacin da akwai wuta, kar ta mutu a tsakiyar aiki. Settings, sai Apps, ki fara da wanda wa'adinsa ya ƙare. Ki cire, ki kashe ki kunna, sannan na gaba. Ɗaya bayan ɗaya, kar ki haɗa. Kar kuma ki goge foldarsa da hannu, ba a cire su haka, saiwarsu na can ƙasa. In wani ya ƙi fita ko ya bar ɓurɓushi, manyan kamfanonin suna da 'yar manhajar sharewa ta musamman a shafinsu, daga can kaɗai za ki sauke. Ƙarshe ki buɗe Windows Security ki tabbata ya nuna kore, ki bar shi ya sabunta, ki sa Full scan ki je ki yi harkarki. A ranar zai yi nauyi, kar ki tsorata.

Ɗan Yelwa:
A ƙara da Startup a cikin Task Manager, a kashe tarkacen da ke tashi tare da ita. Kuma a tambayi ɗalibin nan ko ya ɗora manhajar sata, irin waɗanda ake cewa sai ka kashe antibairos kafin su shiga. Mun san halinmu.

Baban Gida, Jahun:
Hucin fankar kuma kar a ɗora wa antibairos shi kaɗai. Ƙurar hunturun Bauchi da ta wuce tana ciki, ga zafin bazara. In ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. A kai a buɗe a hure, a daina ɗora ta kan katifa.

Injiniya, Wunti:
Gaskiya ne. Wani abu kuma da ya kamata ki sani, Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma a hukumance tana son wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma in furosesar kwamfutar (ƙwaƙwalwarta) ta Intel ce, ƙarni na 8 zuwa sama, tsofaffin laftof da yawa ba su kai ba. Ba abin gaggawar yau ba ne, amma ki sa a rai, musamman in kina shiga banki da ita.

Malama, Fadaman Mada:
Alhamdu lillahi, na dawo da labari. Biyu sun fita salin alin, tsohon nan mai neman kuɗi sai da na sauko da manhajar sharewarsa. Defender ya kama abu biyu, ɗaya a filashin, ɗaya a wata folda da ƙanena ya rantse bai san ta ba, na dai yi shiru. Yanzu kafin in wanke hannu ta buɗe, Word ba ya daskarewa. Sai dai Disk yakan haura 100% na 'yan mintuna in an kunna ta, sannan ya sauko.

Injiniya, Wunti:
Wannan kuma faifan ne, ba bairos ba. In albashi ya shigo ki sa SSD, wato ma'ajiya ta zamani marar faifai mai juyawa, ko mai 256GB ya ishe ki, in akwai gurbi a ƙara RAM ya kai 8GB. Ki turo mini lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta in duba irin wanda take ɗauka kafin ki shiga kasuwa.