Wai an ɓoye mashi ltree

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum jama'a. Wallahi yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar. Wata ƙungiya nake haɗa ma manhajar rajistar manoma, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma zuwa mazaɓa har ƙauye, ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361 duk na jera su da ltree, wani ekstenshin (ƙari) na databes ɗin PostgreSQL mai jera bayanai kamar rassan bishiya, kamar katsina.daura haka har ƙasa. A kwamfutata maigireshin, wato umarnin da ke gina teburan databes, ya wuce lafiya lau, ina kai shi saba ya tsaya cak, wai type "ltree" does not exist. Alhali layin farko CREATE EXTENSION IF NOT EXISTS ltree ne kuma ko tari bai yi ba! Ashe kamfanin da muke haya wurinsu ne suka ɓoye shi a wani skima daban, wato wani sashe daban na databes ɗin. Ni dai na yanke, ltree ba abin dogaro ba ne ga aikin gaske, wanda duk ya ce ka ɗauke shi bai taɓa kai aiki saba ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, janye kalmar ɓoye. Ba wanda ya ɓoye maka komai. Shiga psql ka buga \dx, zai nuna maka ltree da sunan skiman da yake zaune ciki. Abin da ke bayyana da haruffa uku ba a ce mashi ɓoyayye.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Yaya, in ba ɓoyewa ba mene ne? Na ce a girka, aka yi shiru kamar an girka, na zo amfani aka ce babu.

Injiniya: Shirun nan daidai ne. Ekstenshin sau ɗaya ake girka shi a databes ɗaya, ko a wane skima. IF NOT EXISTS ya duba ya ga akwai, ya ba ka 'yar sanarwa ya wuce, kayan aikinka ne dai ba su nuna maka ita ba. Sai search_path, jerin skimomin da PostgreSQL ke dubawa in ka kira suna: asalinsa "$user", public kawai. Kamar ka aiki yaro ka ce duba zaure da tsakar gida, kayan kuma suna rumbu, ya dawo ya ce babu. Yaron bai yi ƙarya ba, mai rumbun ma bai yi sata ba. A kwamfutarka ya faɗa public shi ya sa ka ga ya tafi.

Anti Mai Saba: Injiniya ka yi haƙuri amma yaron nan yana da ɗan gaskiya. Akwai inda ɓoyewa ce sak. In rol ɗin, wato asusun databes, da ke gudanar da maigireshin ba shi da izinin USAGE a kan skiman, ko ka sa sunansa cikin search_path PostgreSQL zai tsallake shi shiru, ba gargaɗi ba komai, saƙon da za ka gani wannan ɗin ne dai na babu. To abin da aka hana ka gani kuma ba a ce maka an hana ka ba, sunansa me?

Injiniya: Sunansa tsaro Hajiya. Ɓoyewa sai da niyya.

Anti Mai Saba: Wa ya ce sai da niyya? Gajimare na ɓoye wata, niyyar me gare shi?

Ɗalibi: Ni ina bayan Anti. Injiniya kullum kamfanoni yake karewa

Injiniya: Kai kuma yaushe ka fara riƙe saba da za ka san wa nake karewa? Tun ana PostgreSQL 8.4 nake wannan aiki.

Ɗan Kusugu: Ku dakata tukuna, ni duk ba wannan ya tsaya mani ba. Malam mai tambaya, me ka rubuta? katsina.daura? Wato Daura ce ɗiya Katsina uwa? Garin da Hausa Bakwai suka samo tushe shi ka sa ƙarƙashin ɗigo?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Haba malam, tsarin gwamnati na bi, Daura ƙaramar hukuma ce a jihar Katsina, ba tarihi nake rubutawa ba

Ɗan Kusugu: To ai manomanka ta hannun dagatai da masu unguwanni za ka same su, su kuma masarauta suke bi. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ne, Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, kuma ba ƙarƙashin masarautar Katsina take ba. Bishiyarka ɗaya ba ta ɗaukar wannan, sai ka yi biyu.

Ɗalibi: An fara. Kowace magana sai Daurawa sun kawo Bayajida

Ɗan Kusugu: Ban ambaci Bayajida ba, kai ka ambace shi. Kuma ga hujja ta aiki tunda kuna so. Kafin 1987 duk muna jihar Kaduna. Da a lokacin aka yi teburin nan da ltree, ranar da aka ƙirƙiro jihar Katsina sai an sake rubuta hanyar kowane ƙauye ɗaya bayan ɗaya, don kowane layi yana ɗauke da sunan kakanninsa gaba ɗaya. Da parent_id kuwa, inda kowane layi lambar uwarsa kawai yake riƙewa, ƙananan hukumomin kawai za ka canza ma uwa, na ƙasa su biyo. WITH RECURSIVE mai bin rassan har ƙasa na nan cikin PostgreSQL tun 2009, ba ekstenshin ba skima ba rigima.

Injiniya: UPDATE ɗaya ne da subpath, ba ɗaya bayan ɗaya ba, kada ka tsorata yara. Kuma sau nawa ake ƙirƙiro jiha? Amma tambayar "ba ni duk ƙauyukan da ke ƙarƙashin Malumfashi" kullum za a yi ta, da alamar <@ ta ltree da indes na GiST layi guda ne.

Anti Mai Saba: Yawwa tunda ka kawo <@, nan ne tarkon na biyu. Mai tambaya, ko ka rubuta sunan skiman gaban ltree kolum ɗin ya shiga, alamar <@ ita ma cikin wancan skiman take, za ta ce maka babu. Ko dai ka rubuta OPERATOR da sunan skiman a kowace tambaya, abin da ba mai jurewa, ko ka sa SET LOCAL search_path a farkon maigireshin, sannan ALTER ROLE don manhajar kanta. Kuma in kana da tiriga da ke lissafa hanyar, liƙa ma fankshin ɗin nasa search_path, domin tun 2018 pg_dump yana share search_path ya bar shi fanko lokacin mayar da bayanai, ranar da ka zo dawo da bayanan bakof cikin teburin da tirigar ke kansa ranar za ka sani. Ni shi ya sa na ce ɓoyewa ce, sau uku abu ɗaya yana ɓace maka.

Injiniya: Duk abin da kika lissafa a rubuce yake cikin takardun PostgreSQL. Abin da ke rubuce ba ɓoyayye ba ne, rashin karatu ne.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Yaya wannan kuma zagi ne. Ni ne ban karatu?

Injiniya: Ban kama suna ba.

Ɗalibi: Wani abokina ya ce a wurin aikinsu sun cire ltree gaba ɗaya, wai yana kashe saba

Anti Mai Saba: Wane wurin aiki? Bayanai nawa? Kada mu riƙa kawo wai-wai.

Ɗan Kusugu: Kuma ku gaya mashi sunayenmu ma ba sa shiga. Mai'adua da alamar nan ta sama ltree ba ya karɓa. Dutsin-Ma da karan tsakiya sai daga PostgreSQL 16 aka yarda. Ƙanƙara da Ɗanja kuma ya danganta da lokal ɗin databes, in C ne ƙ da ɗ ba su wucewa. Abin da ba ya iya rubuta sunan garinka shi za ka ba amanar garin?

Injiniya: Ba a sa suna cikin hanya, lamba ake sawa, suna ya zauna a nasa kolum. Wannan kowa ya sani.

Ɗan Kusugu: Mai tambaya bai sani ba ai, ga shi ya rubuta katsina.daura

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Don Allah ni yanzu wanne zan yi, jibi za a fara shigar da sunaye

Admin: To jama'a ya isa haka, bari in taƙaita. An tabbatar ba wanda ya ɓoye komai, matsalar search_path ce kamar yadda Injiniya ya yi bayani tun farko, kuma ltree lafiyarsa ƙalau, ni ma shi nake amfani da shi. Anti ta ƙara wasu 'yan bayanai. Maganar parent_id ra'ayi ne na mutum ɗaya, ta masarauta kuma ba wurinta ba ne nan, wanda ya sake tayar da ita zan goge. Ƙanena ka buga \dx ka turo mani hoton abin da ya fito ta akwatina, tare da sunan rol ɗin da kake maigireshin da shi.

Anti Mai Saba: Ba a tabbatar ba Admin, kai ka tabbatar. Ya fara duba USAGE ɗin.