Saniya ta rame bayan haihuwa, nono ya ja baya, kuma ta ƙi neman bijimi: ina matsalar take?

Mai-tatsa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan shanun madara ce, musamman masu jinin Friesian. Saniya za ta haihu jikinta sumul, amma kafin sati uku haƙarƙari ya fito, nono ya fara raguwa, sannan ta yi wata huɗu ko biyar ba ta nemi bijimi ba. In an ƙara mata dusa da hatsi sai zawo. Wane ma'auni ake bi wajen ciyarwa?

Mai haɗa abincin dabbobi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ramar farko ba abin mamaki ba ce. Nono yana kai ƙololuwarsa tsakanin sati 4 zuwa 8 bayan haihuwa, cin abinci kuwa ba ya cika sai wajen sati 10 zuwa 12. A wannan tsakanin abin da take fitarwa ya fi abin da take ci, dole ta narkar da kitsen jikinta. Aikin makiyayi shi ne kada giɓin ya yi faɗi.

Ana auna ƙibar saniya da maki 1 (ramammiya) zuwa 5 (mai ƙiba sosai). A so ta haihu tana kan 3 zuwa 3.5, kuma kada ta zubar da fiye da maki ɗaya. Jikin nan sumul da ka ambata shi nake zargi. Saniyar da ta haihu da ƙiba fiye da kima ita ta fi ƙin abinci, kitse ya taru a hantarta, ta faɗa ciwon ketosis: ta bar hatsi ta riƙa tsintar ciyawa, numfashinta na wani wari mai zaƙi-zaƙi, kashinta ya bushe.

Ga lissafin. Saniyar da ake tatsa tana cin busasshen abinci kashi 3 zuwa 3.5 cikin 100 na nauyinta, wato mai kilo 500 tana buƙatar kilo 15 zuwa 17.5 in an cire ruwan da ke cikin abincin. Aƙalla kashi 40 cikin 100 ya zama ciyawa mai tsawon da za ta tuƙa. Haɗin hatsi, dusa da waken soya ko angurya, a ba kilo 1 ga kowace lita 2 zuwa 2.5 da ta ɗora a kan abin da ciyawa kaɗai ke iya bayarwa. Furotin na abincin gaba ɗaya ya kai kashi 16 zuwa 18 a farkon tatsa.

Zawon da kake gani tumbi ne ya yi tsami. Hatsi yana ruɓewa da sauri a tumbi, kuma ba ya sa tuƙa, alhali yawun tuƙa ne ke kashe tsamin. Za ka ga kashi mai kumfa da ƙwayar hatsi a ciki, man nono ya ragu, bayan 'yan makonni kofato ya fara ciwo tana ɗingishi. Kada ƙarin hatsin ya wuce rabin kilo a rana, kada ta ci fiye da kilo 3 a zama ɗaya, kuma ciyawa ta riga hatsi shiga ciki. Giram 100 zuwa 150 na sodiyam bikabonet, garin da ke kashe tsami, a rana yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin ciyawa.

Likitan shanu ya rubuta:

Bayanin ɗan'uwa ya yi daidai, sai dai ni zan mayar da kai baya, Malam, domin yawancin abin da ke bayyana bayan haihuwa tun kafin haihuwa aka shuka shi.

A daina tatsar saniya kwana 45 zuwa 60 kafin ta haihu. A sati ukun ƙarshe a fara saba mata da haɗin da za ta ci bayan haihuwa, daga kilo 1 a hankali zuwa 2 ko 3, saboda ƙwayoyin halittar da ke narkar da abinci a tumbi suna buƙatar makonni kafin su saba da sabon abinci. Wanda ya jira sai ranar haihuwa ya zuba mata kilo 6, shi ya jawo zawon da hannunsa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne loda wa mai tsohon ciki kalsiyam da nufin ƙarfafa ta. Jikinta sai ya saki jiki, ya daina janyo kalsiyam daga ƙashi. Ranar da dakashi ya zo ya kwashe na cikin jini, ba ta da hanyar cikewa da sauri. Cikin kwana uku da haihuwa sai ta kwanta ta kasa tashi, kunnuwa sanyi ƙalau, kai a lanƙwashe zuwa kwiɓi. Wannan ciwon ya fi kama wadda ta haihu sau uku ko fiye, da jinsin Jersey. Kafin haihuwa a rage kalsiyam da ciyawa mai yawan fotasiyam, a tabbatar da magnesiyam ya wadata. Bayan haihuwa ne ake ɗaga kalsiyam. In ta riga ta kwanta, a kira likita ya sa mata kalsiyam ta jijiya a hankali, don saurin turawa na iya tsayar da zuciya. Kada a ɗura mata komai ta baki tana kwance, zai bi ta huhu.

Ga ketosis, ana ɗura maganin propylene glycol mililita 300 sau ɗaya a rana, kwana 3 zuwa 5, in tana tsaye tana haɗiya. Mabiyiya kuma in ta wuce awa 24 ba ta faɗo ba, kada a ja ta da hannu. A duba ƙarancin seleniyam da bitamin E a garken.

Mai aikin barbarar shanu ya rubuta:

Kan neman bijimi: muddin saniya tana ci gaba da ramewa, jikinta yana danne sinadaran da ke sa ƙwai ya nuna. Sai ramar ta tsaya kwan farko ke fita. Shi ya sa allurar tada sha'awa ba ta cika kamawa a jikin ramammiya, asarar magani ce kawai. Ciki kwana 283 ne, to mai son maraƙi duk shekara sai ta ɗauka cikin kwana 82 da haihuwa. Wasu suna zagayowa duk kwana 21 amma alamar ba ta fitowa sosai, don haka a tsaya a lura da su da asuba da yamma, minti 20 kowane lokaci.

Furotin ma in ya yi yawa babu isasshen abinci mai ba da ƙarfi, yuriya, dattin da furotin ke bari, na hawa a jini, ciki ya ƙi zama. In ka ga tana tauna ƙashi ko lasar ƙasa, fosfaras ko gishiri ne ya gaza.

Mai haɗa abincin dabbobi ya ƙara:

Na manta ruwa. Kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma mai ba da lita 20 tana iya shan lita 80 zuwa 100 a rana, fiye da haka in ana zafi. Ya kasance a gabanta da zarar an gama tatsa, lokacin ta fi sha. Sannan duk dusa ko anguryar da ta yi fumfuna a zubar, gubar aflatoksin tana lalata hanta kuma tana fitowa a cikin nonon da za a sha.