Neman shawara: Tafarnuwa da kansar mama da ta daina jin magani

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mahaifiyarmu tana fama da kansar mama, an yi mata aiki da kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa), sannan aka ɗora ta kan wani magani mai suna tamoxifen. Bayan wasu shekaru ciwon ya dawo a ƙashin bayanta, likita ya ce maganin ya daina tasiri, za a sauya mata wani. Yanzu dangi sun turo saƙo ta WhatsApp wai masana sun gano tafarnuwa tana kashe kansar da ta gagari magani, har Innarmu ta fara daka mata ɗanya da zuma safe da yamma, Mama kuma ta fara cewa ba ta ga amfanin komawa asibiti ba. Don Allah masu sani su faɗa mini gaskiyar maganar.

Wani mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Saƙon yana da tushe, amma an yi masa ƙari. Idan aka daka tafarnuwa, wani sinadari mai suna alisin yana samuwa, wanda Chester Cavallito da abokin aikinsa suka fara warewa a Amurka a 1944. Alisin ba ya daɗewa, yana rikiɗewa zuwa wasu sinadarai masu farar wuta, irin su DADS da DATS, kuma su ne masana suka fi gwadawa. A ɗakin gwaje-gwaje an ga suna hana ƙwayoyin kansar mama yaɗuwa, har su sa su mutu, an kuma ga alamar haka a jikin ɓeraye. Wasu gwaje-gwajen sun nuna suna iya raunana wani famfo da ƙwayar kansa take amfani da shi wajen fitar da maganin kemo kafin ya yi aiki.

Sai dai duk wannan a kwanon gwaji ne da jikin dabba, da tataccen sinadari wanda aka auna yawansa. Abin da Mama ta haɗiye sai ya bi ta ciki da hanta, kuma abin da zai isa ƙashinta bai kai wancan ba. Babu wani gwaji a kan mata masu ciwon da ya tabbatar da cewa tafarnuwa tana dawo da ƙarfin maganin da ya daina aiki. Ban da haka, bijirewa tamoxifen galibi daga sauyin yadda ƙwayar take karɓar sinadarin jikin mace mai suna istirojin take tasowa, ba daga wancan famfon ba.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar ƙin komawa asibiti. Gazawar tamoxifen ba ta nufin magani ya ƙare: akwai letrozole da anastrozole da fulvestrant, akwai palbociclib da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2015, akwai kuma gashin na'ura (radiotherapy) da ke rage zafin ƙashi ƙwarai. Likitanta ne zai zaɓa bisa irin kansarta da ƙarfin aljihunku. Ɗanyar tafarnuwa da yawa kuwa tana rage daskarewar jini, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, ko wadda kemo ya rage mata ƙwayoyin daskarar da jini, ko wadda za a yi wa aiki. Tana kuma jawo ƙwannafi ga mutumin da dama abinci ba ya shigarsa. Kada a kuskura a ɗaura ta a kan nono ko gyambo, domin tana ƙona fata.

Wani dattijo:
Ni ban so a yi watsi da abin da iyayenmu suka sani. Na karanta wani bincike da aka buga a 2019 kan matan Puerto Rico, inda aka ga masu yawan cin miyar albasa da tafarnuwa ba su cika kamuwa da wannan ciwo ba.

Mai harhaɗa magunguna:
Haka ne, Baba, binciken yana nan, Jami'ar Buffalo da ta Puerto Rico suka yi shi. Amma tambayar mata aka yi abin da suke ci, aka kwatanta masu ciwo da marasa ciwo, don haka magana ce ta rage yiwuwar kamuwa, ba ta warkar da wadda ciwon ya riga ya kai ƙashi ba. Kafson tafarnuwa ma yana iya taɓa wasu magunguna, domin an tabbatar yana rage saquinavir, maganin ƙanjamau, da kusan rabi a cikin jini.

Wata mai jinyar yayarta:
'Yar'uwa, kada ki yi jayayya da Inna a gaban Mama, tausayi ne ya sa ta daka. Ki roƙe ta ta raka ku ranar ganin likita, ta faɗi da bakinta adadin da take bayarwa, ta ji amsa da kunnenta. Tafarnuwar miya kuwa a bar wa Mama abarta, sai idan likita ya hana.

Mai neman shawara:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin za mu koma, kuma Inna ta yarda za ta bi mu.